ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: Yadda Ƙawaye Na Nesa Ke Mai da Tsofaffin Littattafai Jakunkunan Hannu

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Duk wanda aure, ko canjin wurin aiki, ko neman ilimi ya raba shi da amininsa ya san gaskiyar wannan magana. A shekarar farko ana aika wasiƙa ko a buga waya kowane mako, ana ba juna labarin gida da na unguwa. A shekara ta biyu sai gaisuwa ta koma ta Kirsimeti da sabuwar shekara. Kafin a ankara, mutane biyu da suka ci tuwo a ƙwarya ɗaya sun zama ba su da abin faɗa wa juna sai "ina gajiya, ina iyali." Ba faɗa aka yi ba, ƙafa ce kawai ta daina zuwa.

A wannan mako muna so mu kai masu karatu ƙasashen Amurka da Ingila, domin mu ga wata sana'ar hannu da waɗansu mata suke yi a can. Sukan ɗauki tsohon littafi mai bangon kwali wanda ba mai karanta shi kuma, su cire takardun ciki, su sa wa bangon shafi da mariƙi, sai ga shi ya zama jakar hannu da mace za ta riƙe ta tafi biki ko unguwa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, a cikin masu wannan aiki akwai ƙawaye waɗanda ke zaune a garuruwa dabam-dabam, suna haɗa jaka guda su biyu ta hanyar gidan waya. Ɗaya ta nemo littafi, ɗaya ta yi ɗinki, ƙunshi ya yi ta kai da komowa a tsakaninsu. Watau inda ƙafarsu ta kasa zuwa, sun sa aikin hannunsu ya je.

INDA LITTATTAFAI SUKA YI KWANTAI

Mun san abin da zai fara zuwa zuciyar mai karatu. Ashe akwai inda ake sa wa littafi wuƙa, alhali kuwa a nan yara da dama suna haɗa kai a kan littafi ɗaya a aji? Tambayar tana kan hanya, kuma za mu komo kanta. Amma bari mu fara duba halin da ake ciki a can.

A Amurka da Ingila kusan kowane gari yana da ɗakin karatu na jama'a. Kowace shekara sababbin littattafai suna shigowa, wurin ajiya kuwa ba ya ƙaruwa. Saboda haka tilas ma'aikata su riƙa tsame waɗanda suka yage, da waɗanda zamani ya wuce su, da waɗanda aka yi shekaru ba wanda ya ara. Akan sayar da su da araha, wani lokaci ma a ce mutum ya cika jaka guda ya biya 'yan daloli kaɗan. Har wa yau, idan tsoho ya rasu, 'ya'yansa sukan kwashe littattafansa su kai shagunan ƙungiyoyin agaji. Ƙungiyar Oxfam ta Ingila ta buɗe shagonta na farko na littattafai zalla a birnin Okusfod a 1987, domin abin ya yi yawa har ya cancanci shago na kansa. Waɗanda suka rasa mai saye kuwa, sai a kai su masana'anta a niƙa. A 2003, sa'ad da aka buɗe babbar hanyar mota ta M6 Toll kusa da birnin Bamingham, an ba da labarin cewa an niƙa littattafan soyayya na kamfanin Mills & Boon kimanin miliyan biyu da rabi, aka cuɗa su da kwalta domin shimfiɗar hanyar ta riƙe. Lalle in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Iri biyu ne suka fi yin kwantai. Na farko shi ne jerin taƙaitattun labarai da kamfanin Reader's Digest ya riƙa bugawa daga 1950 zuwa 1997, yana aika wa gidaje ta gidan waya. An buga su da yawan gaske, har ya zama masu sayar da tsofaffin littattafai ba su damu da su ba, amma bangonsu yana da ƙwari, ga zane mai kyau kamar na atamfa. Na biyu kuma shi ne manyan kundayen ilimi, irin su Encyclopaedia Britannica, wanda aka fara bugawa a birnin Edinbara na Sikotilan a 1768. A 2012 kamfanin ya sanar da cewa ya daina buga shi a takarda. Bugun ƙarshe, na 2010, juzu'i 32 ne, nauyinsa ya haura kilo 50. Iyaye da yawa sun sayi irin waɗannan kundaye da biyan wata-wata domin 'ya'yansu, yau kuwa shaguna da dama ba sa karɓar su ko da kyauta.

Daga cikin wannan tuli ne masu aikin hannu suke zaɓe. Jakunkunan littafi sun yi tashe a tsakiyar shekarun 2000 a kasuwannin masu sana'ar hannu, irin su Eastern Market da ke birnin Washinton. Da aka kafa kasuwar intanet ta Etsy a Niyok a 2005, sai mace ta sami damar sayar da abin da ta ɗinka a ɗakinta ga wadda ba ta taɓa gani ba.

ME YA SA BANGO YA FI TAKARDA DAƊEWA?

Akwai dalilin da ya sa akan sami littafi wanda cikinsa ya lalace amma bangonsa yana nan garau. A zamanin da, Turawa da tsummokin auduga da na lilin suke yin takarda, irin wannan takarda kuwa tana iya yin ɗaruruwan shekaru. A 1844 wani Bajamushe mai suna Friedrich Keller ya ƙera injin niƙa itace domin yin takarda, kuma kafin ƙarshen ƙarni na 19 yawancin takardun ɗab'i sun koma na itace, gama ya fi araha. Sai dai arahar ta zo da illa biyu. A jikin itace akwai wani sinadari da ke riƙe zaruruwansa, wanda in haske da iska suka taɓa shi sai takarda ta koma rawaya. Sa'an nan kuma masana'antu suna sa alif, wanda waɗansu ke kira alam, tare da ƙaro domin kada tawada ta malale. Da tafiya ta yi nisa sai wannan haɗi ya haifar da asid, ya yi ta cin zaren takardar daga ciki har ta riƙa karyewa kamar busasshen ganye. Shi ya sa za ka ga littafin 1750 ya fi na 1950 fari da ƙwari. Sai a 1984 Amurka ta fitar da ma'aunin takarda mai daɗewa wadda ba ta da asid.

Bango kuwa labarinsa dabam ne. Kwali ne mai kauri, an lulluɓe shi da yadi mai sitati. Wajen shekarun 1820 ne masu ɗab'i a Landan, cikinsu har da William Pickering, suka fara sa wa littafi rigar yadi a maimakon fata. Daga baya sai aka saba yin bangon dabam, a ɗinke takardun dabam, sa'an nan a haɗa su. Abin da ke riƙe su tare bai wuce takarda mai kauri guda a gaba, guda a baya, da wani ƙyalle mai shara-shara kamar bandeji ba. Wannan ne ya sa aikin jaka ya yiwu: yanka biyu kawai, bango ya rabu da cikinsa ba tare da ya ji ciwo ba.

YADDA AKE HAƊA JAKAR

Kayan aikin ba su da yawa. Ana bukatar reza ko wuƙa mai kaifi, almakashi, rula, gam, guntun kwali, rabin yadi na ƙyalle mai ƙwari, mariƙi biyu da maɓalli ɗaya. Abu na farko shi ne zaɓen littafi. Ana neman mai bangon kwali wanda gadon bayansa ya kai faɗin inci ɗaya da rabi ko biyu, domin gadon bayan ne zai zama gindin jaka. Siririn littafi ba zai ɗauki ko waya da makulli ba.

Sai a buɗe bangon gaba, a bi kwarmin da ke tsakanin bango da shafin farko da reza daga sama har ƙasa, a hankali, don kada a huda yadin waje. A yi haka nan a baya. Takardun za su fito gaba ɗaya a dunƙule kamar bulo. Daga nan a yanki kwali daidai faɗin gadon baya a manna a ciki, ya ƙara masa ƙarfi.

Aiki mafi wuya shi ne na gefe biyu. Ana tsayar da bangon a kan takarda, a buɗe shi gwargwadon yadda ake so bakin jakar ya buɗe, a zana siffar da ta fito, matsattsiya ta wajen gadon baya, mai faɗi ta wajen baki. Aikinta ɗaya da na cuna a jikin riga. A yanka ta a ƙyalle riɓi biyu, a bar wurin kalmasa da wurin manni, a ɗinke, a juya, a goge da dutsen guga, sa'an nan a karya ta a tsakiya domin in an rufe jakar ta lanƙwashe ciki.

Wajen manni akwai bi da bi. Maɗaurin mariƙi da igiyar maɓalli su ake fara mannawa a jikin kwalin, sai gefunan, daga ƙarshe a kawo shafi wanda aka naɗa a kan siririn kwali a rufe su duka. Wadda ta yi gaggawar sa shafi kafin mariƙi, sai ta ɓamɓare aikinta. Farin gam irin na kafintoci ya fi wanda ake narkarwa da wuta, gama wannan na biyu yakan saki in zafi ya yi yawa. A danne da abu mai nauyi ya kwana, kashegari a shafa wa bangon man sheƙi marar launi domin ya jure dattin hannu. Duk da haka kada a manta jakar kwali ce. Ba ta son ruwan sama, ba ta kuma son a cusa mata kaya fiye da kima.

RABON AIKI TSAKANIN ƘAWAYE

To, yaya mutum biyu da ba sa ganin juna za su yi wannan aiki tare? Mu ɗauki misalin ƙawaye biyu a Amurka. Ɗaya tana babban birni inda ake yawan gwanjon littattafai, ɗaya kuma aure ya kai ta wani ƙauye mai nisa, amma tana da keken ɗinki da hannu mai kyau. Ta birni ita ce mai farauta: ta bi gwanjo, ta duba bango, ta shinshina ko akwai warin hunhuna, gama bangon da hunhuna ta kama ba ya gyaruwa. Ta ƙauye ita ce mai yanka da ɗinki.

Hanya biyu ce a gabansu. Ta farko, a aika littafin ɗungum. Tun 1938 gidan wayar Amurka yake da rangwame na musamman domin aika littattafai, wanda yau ake kira Media Mail. Amma sharaɗinsa shi ne abin da ke cikin ƙunshin ya zama littafi ne na gaske, mai shafi takwas ko fiye. Bangon da aka ƙwaƙule cikinsa, ko jakar da aka gama, ba su shiga wannan rangwame ba. Saboda haka littafi yakan tafi da araha, jaka ta komo da tsada. Hanya ta biyu ita ce ta birni ta riƙe bangon a wurinta, ta aika awo kaɗai, ƙawarta ta ɗinka gefuna da shafi ta sa a ambulan ta aiko, ita kuma ta manna. Wannan ta fi sauƙin kuɗi, amma tana bukatar amana a kan awo. Awo uku ne: tsawon bango, faɗinsa, da kaurin gadon baya. In aka yi kuskuren rubu'in inci, jakar ba za ta rufu daidai ba. In kuwa ɗaya tana Amurka inda ake awo da inci, ɗaya tana Turai inda ake yi da santimita, to sai su daidaita tun farko. Masu dabara sukan kwantar da bangon a kan takarda su zana shi, su aika zanen, domin takarda ba ta yin kuskuren lissafi. Haka kuma launi. Hoton waya yakan mai da kore shuɗi, don haka gara a yanki ɗan guntun ƙyallen a sa a wasiƙa. Gani ya kori ji.

Mai karatu zai iya cewa, duk wannan wahala a kan jaka ɗaya? Ai a nan amfanin yake. Gaisuwa takan ƙare da "lafiya lau", daga nan shiru. Aiki kuwa kullum yana haifar da tambayar da dole a amsa. Wane ƙyalle ne zai dace da wannan jan bango? Mariƙin itace za a sa ko na fata? Ƙunshin ya iso? A cikin amsa waɗannan ne sauran magana take shigowa, ta ciwon ƙafa, ta makarantar yara, ta halin da miji ke ciki a wurin aiki. Idan ƙunshi ya yi jinkirin wata guda daga wadda ba ta saba saɓa lokaci ba, ƙawarta ta san akwai abin da ke faruwa a gidan, sai ta tambaya. Ga shi kuma littafin kansa yana tono tsohon zance. Wata rana ta birni za ta ci karo da irin littafin da suka karanta tare suna 'yan mata a makaranta, ta aika shi ba tare da ta rubuta kome ba, ƙawarta ta buɗe ƙunshi ta gane.

Sai dai kada mu ɓoye cewa abin da ke ɗinke zumunta yana iya yaga ta. Kuɗi shi ne na farko. Ribar wannan sana'a kaɗan ce, gama in an cire kuɗin gam, ƙyalle, mariƙi, kan sarki zuwa da komowa, da la'adar kasuwa, abin da ya rage ba shi da yawa. Wadda ta shiga domin ta yi arziki za ta rasa arzikin, ta kuma rasa ƙawa. Na biyu shi ne rashin daidaiton wahala. Mai ɗinki tana ganin ita ce ta kwana a kan keke, mai farauta tana ganin ita ce ta ƙona mai ta yini a rana, kowacce kuma ba ta ga gumin 'yar'uwarta da ido ba. Na uku shi ne shiru. Wadda ta ɓata bango da reza ta ji kunyar faɗa, sai ta daina ɗaukar waya.

Maganin waɗannan duka a yi magana tun kafin a sayi littafin farko. Wa zai biya kuɗin aike? Yaya za a raba abin da aka samu? Yaushe ake sa ran kowane ƙunshi? A rubuta, kowacce ta riƙe nata kwafi, a kuma yarda cewa bangon da ya lalace asarar su biyu ce. Ya fi kyau jakar farko ta zama kyauta, ba ta sayarwa ba, domin a gwada hannu a kuma gwada hali. Shawara ɗaukar ɗaki ce, kyan alkawari kuma cikawa.

BA YAU AKA FARA BA

Wannan dabara ta haɗa aiki daga nesa tana da tarihi a Amurka. A shekarun 1840 iyalai da yawa suka riƙa ƙaura zuwa yammacin ƙasar ta hanyar Oregon, tafiyar fiye da kilomita 3,000 a keken shanu, wadda kan ci wata huɗu zuwa shida. Macen da ta tafi ta san da wuya ta sake ganin uwarta ko ƙawayenta. Saboda haka aka saba yi mata bargon zumunta: kowace ƙawa ta ɗinka yanki guda mai kusurwa huɗu, ta rubuta sunanta a kai da tawada ko da zare, waɗanda ke nesa su aiko nasu, a haɗa su ya zama mayafin gado guda. A birnin Baltimo matan majami'un Metodis sun shahara da irin wannan aiki, sukan ba fastocin da aka yi wa canjin wurin aiki. Waɗansu daga cikin waɗannan barguna suna gidajen tarihi har yau, ana iya karanta sunayen.

Akwai kuma misali na kusa, wanda ya amsa tambayar abin da za a yi da takardun da aka cire. A Kamfala ta Yuganda, matan ƙabilar Acoli waɗanda yaƙin arewacin ƙasar ya kora daga gidajensu sun iya yanka tsofaffin mujallu da kalanda dogo-dogo, su naɗe su tam a jikin tsinke, su sa gam da man sheƙi, su zama duwatsun wuya. A 2004 waɗansu mata uku daga jihar Kolorado ta Amurka suka kafa ƙungiyar BeadForLife, suka riƙa karɓar duwatsun suna sayarwa a tarurrukan mata a gidajen Amurka. Matan da a da suke fasa dutse da guduma domin abincin yini suka sami abin biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Masu jakar littafi su ma sukan yi irin wannan da takardun ciki, ko su yi ambulan da furannin ado da su.

WANE LITTAFI ZA A SA WA WUƘA?

Yanzu bari mu komo kan tambayar da muka ajiye. Wuƙa ba ta komawa baya, kuma littafin da aka yanka ya tashi daga littafi har abada. Don haka masu hankali a cikin wannan sana'a sukan tsaya su auna kafin su yanka, kuma a nan ma zaman su biyu yana da amfani, gama abin da ido ɗaya ya tsallake, ɗayan zai gani.

Da farko a tambaya ko akwai wanda zai karanta shi ya amfana. In akwai, to ba na jaka ba ne. A 1988 wani mai ɗab'i a jihar Minesota, Tom Warth, ya ziyarci wani ɗakin karatu a garin Jinja na Yuganda ya tarar kusan babu littattafai, ya koma gida ya kafa Books For Africa, wadda ke tura su a manyan kwantenoni ta jirgin ruwa. A Ingila ma akwai Book Aid International, wadda asalinta ya faro tun 1954. Amma jigilar littafi tana da tsada, kuma ba kowane tsohon littafi ne alheri ba. Littafin likitanci na shekara hamsin da suka wuce yana iya cutarwa, taswirar da har yanzu ke nuna Tarayyar Sobiyet, wadda ta wargaje a 1991, za ta ɓatar da ɗalibi a jarrabawa. Irin waɗannan ne suka dace da reza.

Na biyu, a bincika ko littafin yana da wuyar samu. Bugun farko na wani shahararren littafi, ko wanda marubucinsa ya sa wa hannu, yana iya fin jakunkuna ɗari daraja. A nuna wa ma'aikacin ɗakin karatu ko mai sayar da tsofaffin littattafai tukuna. Wata mai zanen kaya a birnin Faris na Faransa, Olympia Le-Tan, ta sami wata mafita a 2009. Ta riƙa kwaikwayon bangon bugun farko na shahararrun littattafai da allura da zare, ta yi jakunkuna masu kama da littafi ba tare da ta yanka ko ɗaya ba, aka kuwa yi ta sayen su da tsada.

Na uku, a duba ko akwai rubutun hannu a ciki. Mutane sukan rubuta ranar haihuwa, ranar aure da ranar rasuwar nasu a shafin farko na littafin da suke ƙauna, wani lokaci kuwa nan kaɗai aka rubuta su a duniya. Na huɗu, a namu ganin littafin da mutane ke sujada da shi ba na reza ba ne, ko Littafi Mai Tsarki ne, ko Alƙur'ani, ko littafin waƙoƙin sujada. In ya tsufa a gyara shi ko a adana shi da ladabi. Jakar da za ta ɓata wa maƙwabci rai ba ta cancanci gam ɗin da aka sa mata ba.

ABIN DA YA SHAFE MU

A ƙasar Hausa dukawanmu sun daɗe suna ɗinka gafaka domin a adana littafi a cikinta, gama littafi a wurinmu abu ne mai wuyar samu. Har yanzu kuwa bai yi mana yawa ba, ga gara da damina suna rage mana ɗan abin da muke da shi. Saboda haka ba mu ba kowa shawarar ya buɗe akwatin kakansa da reza a hannu ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuma a 1937. Wanda ya sami tsohon bugu na irin waɗannan, ko tsofaffin littattafan koyon karatu da rijistar makaranta ko ta majami'a, ya riƙe su da kyau, ko ya nemi shawarar Gidan Arewa ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Kada su ƙare a hannun mai ƙosai.

Amma muna da abin da ya yi mana kwantai. Kowace sabuwar shekara bankuna da kamfanoni suna raba dayari mai bangon kwali, wanda in shekara ta ƙare ya gama aiki. Akwai tsofaffin littattafan lissafin shago da aka cike, da littattafan makaranta waɗanda gara ta cinye cikinsu ta bar bango. Guntayen atamfa suna zube a ƙarƙashin keken kowane tela, baduku zai yanka mariƙin fata da kuɗi kaɗan, direban tasha kuma ya saba kai saƙo daga gari zuwa gari. Ba lalle ne ma sai jaka ba. Ana iya haɗa mayafin gado, ko rigar jariri, ko tabarmar tebur, muddin aikin na mutum biyu ne, kowa da rabonsa.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu muna da wadda muka yi makaranta tare, ko muka zauna gida ɗaya a bariki, ko maƙwabciyar da rikici ya sa ta ƙaura zuwa wata unguwa ko wani gari, lambarta tana cikin wayarmu amma mun rasa abin da za mu ce mata bayan gaisuwa. Ga abin faɗa ya samu. A nemi tsohuwar dayari guda, a auna ta, a aika mata awon, a tambaye ta wane ƙyalle take gani zai dace. Waɗanda suka gwada, muna so su rubuto mana su gaya mana yadda jakar ta fito, da kuma yadda suka sami ƙawar tasu.